Alkawarin da Na Ɗora wa Yaya

Ku gyara zama, ku ara min kunnuwanku na ɗan lokaci. Ga ta nan gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, domin mai labarin shekara guda ke nan yana kwance a ƙasar Makka, ni kuma da nake ba ku shi ina ciki dumu-dumu. Ban yi makaranta ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya. Labarin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda mutanen unguwar Rusaifa suka sani da mai katakai.

Ranar da ya rasu, bayan an yi masa salla a Harami an kai shi makwancinsa, sai aka jera kujeru a bakin titi, maza suka zauna karɓar gaisuwa. Mu mata muna ciki, gahwa da dabino suna zagayawa. Kowa ya shigo da abin da ke bakinsa. Tsofaffin direbobin da suka yi jigilar alhazai tare da shi suka aiko mana cewa tsawon zamansu ba su taɓa jin ya daka wa alhaji tsawa ba. Wata tsohuwa daga unguwar Zahir, wadda ba ta da takardu, ta shigo tana kuka, ta ce shi ke karɓo mata maganin hawan jini duk wata. Mu 'yan gida sai ranar muka ji.

Akwai kuma maƙwabciyarsu, wadda ta sassauta murya daidai yadda kowa zai ji, ta ce, "Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki. Ba don haukan ƙanƙarar nan ba, da ya je ya nakasa ɗan ƙanwarsa." Ta saci kallona. Ban ce i ba, ban ce a'a ba, shirun nawa kuwa kowa ya san amsa ne.

Matar Yaya ta nuna bayan sif da haɓa, ta ce, "Waɗancan katakan, in an share makoki a kai su haraji, kasuwar gwanjo, a sayar, ko a ba masu tsintar ƙarfe. Ba zan iya kallonsu ba."

Na ce, "Da wuta aka sa musu ma ya fi."

Autana yana bakin ƙofa, ya kawo butar gahwa a sake cikawa. Ya ji. Ya ja ƙafarsa ya koma wurin maza. Da jan ƙafa yake tafiya, shekara goma sha ɗaya ke nan a lokacin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Iyayenmu da ƙafa suka taho daga ƙasar Kano, a nan suka haife mu. Gidanmu na farko a kan dutse yake, inda mota ba ta zuwa, jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara. Yaya ke ɗebo mana ruwa, garwa biyu rataye a sanda, sawu shida a yini. In ya sauke na ƙarshe, sai ya saci babban farantin Inna, ya je wani sulɓin dutse da ke bayan gida, ya zauna a kai ya sulale har ƙasa. Duk farantan gidanmu a lotse suke. Inna takan ce, "Wannan dutse ne ya haife shi, ni raino kawai na yi." Wata rana ya ɗora ni a gabansa. Ina ta kururuwa tun kafin mu motsa. Ya riƙe ni gam, ya ce a kunnena, "Ƙanwata, kada ki kalli ramin. Kalli inda kike so ki je." Muka isa ƙasa lafiya. Inna ta zane shi, ni kuma na ci gaba da roƙonsa a ɓoye ya sake ɗora ni.

Ya girma, ya zama direban alhazai. Ya haura arba'in lokacin da abin ya same shi. Wata safiya da ake barin Muzdalifa, motoci sun cushe ba gaba ba baya, sai ya hango wani mutumin Maroko goye da tsohuwar uwarsa, ya gaji liƙis. Yaya ya bar wa abokin tuƙinsa sitiyari, ya sauka. Shi ya goya, wancan ya goya, har Mina. Ashe mutumin aikinsa ke nan a garinsu, raka baƙi kan duwatsu masu dusar ƙanƙara. Ya dubi ƙafafun Yaya ya ce, "Waɗannan ba na mai zama a mota ba ne. Ka zo mana ƙarshen sanyi." Amincinsu ya fara daga nan.

Da ya dawo daga tafiyar farko, leɓɓansa sun tsage, hancinsa yana saɓa, yana ta murmushi kamar ango. A kafaɗarsa ga katakai biyu sirara, kowanne ya kusa tsawonsa, hancinsu a lanƙwashe sama, da sanduna biyu na ƙarfe. Ya ce ɗaura su ake yi a ƙafa a zame a kan ƙanƙara. Ya ce akwai wuraren da inji ke ɗaukar mutane a kujera ya kai su sama, amma wannan na 'yan hutu ne. Su alfadari ke ɗaukar musu kaya har inda farin ya fara, daga nan sai ƙafa. Akwai wata fata mai gashi da ake mannawa a ƙasan katakan, gashinta ya kwanta gefe guda, gaba ta tafi, baya ta ƙi. Da ita ake hawa. In an kai sama a ɓare ta, a juyo, a fuskanci gangaren da in ka jefa tsakuwa ba ka jin faɗuwarta.

Na ce, "Hawan na ɗaukar yaya?"

Ya ce, "Awa biyar, wani lokaci shida."

"Saukar fa?"

"Kafin shayi ya huce."

Na ce, "To ina ribar?"

Ya ce, "Ke da kike yini kina tuƙa tuwo a cinye shi kafin ki wanke hannu, ina taki ribar?"

Daga nan kowace shekara, in sanyi ya fara ja da baya a ƙasarsu, sai ya tafi, sai dai in hajji ya faɗo a watannin. Mu muna ƙidaya da wata, shi ya koma ƙidaya da rana. Yana da maganganunsa da har jikoki suka haddace. Yakan ce, "Hawa da ƙafa ake yi, sauka da hankali." In mutum ya matsa wa kansa a kan abin da ya ƙi, yakan ce, "Dutse ba ya ƙaura. In ya ƙi ka bana, ka dawo baɗi." Da bakinsa ya faɗa mana sau nawa suka juyo saura ƙiris su kai ƙoli, don kawai amininsa ya soka sanda ya ji ta nutse fiye da kima.

Rigimarsa da matarsa a kan dutsen guga ta kai wata guda. Kaki yake narkawa ya shafe cikin katakan don su yi santsi, kuma da dutsen gugarta ya yi, bai faɗa mata ba. Ta zo ta ɗora shi a kan sabuwar abayarta ta zuwa biki. Har gidana ta kawo ƙara, abaya a hannu, tana cewa, "Ki duba min yayanki. A garin da ƙwai ke soyuwa a kan mota, mutum ya zauna yana yi wa takalmin ƙanƙara guga." Ya sayo mata sabo, ya riƙe tsohon, ya ce gaba ta kai shi.

Yana son yara su gane abin da yake gani a can. Wata Juma'a ya kankaro ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firiza, ya tara ta a kan faranti, ya danna, ya jingine farantin a tsaye-tsaye a tsakar gida. Ta maƙale, ko motsi. Ya ce su jira. Rana ta zagayo ta haska ta. Can sai ga ta duk ta suɓuce gaba ɗaya, ta zube a ƙasa. Yara suka yi ta tsalle, yana yi musu bayani. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa. Na ji da kunne ɗaya, ya fita ta ɗayan. Wasan yara na ɗauke shi.

Yanzu ga maganar autana. Tun yana goye yake da fuka. Ɗan sanyin garin Ɗa'ifa ma in muka je, kwana yake yana tari. Ya kai shekara ashirin da takwas, yana aiki a wani kanti a Zahir, sai ya ce zai bi kawunsa. Na ce a'a. Ya yi shekara biyu yana naci, ya turo min yayyensa, ya turo min likita ma ya ce ƙirjin ya yi ƙwari. Da na ga ba makawa, sai na kira Yaya.

Na ce, "Zan ba ka shi, amma da sharaɗi. Ka yi min alkawari tsakaninka da Allah, ba za ka fitar min da shi cikin sanyin asuba ba. Sai rana ta fito, gari ya yi ɗumi."

Ya ce, "Ƙanwata, abin ba haka yake ba a can. Ki bari in..."

Na ce, "Ban tambaye ka yadda yake a can ba. Ni na san ƙirjin ɗana. In ba ka yi ba, ba ya zuwa."

Ya dubi autana, autana yana roƙonsa da ido. Sannan ya ce, "Na yi."

Na kwanta ranar da sanyin zuciya, ina ganin na yi abin da uwa ta gari ke yi. Duk wanda ya tashi a garin nan haka zai faɗa maka, sanyi shi ne ciwo, a jira rana.

Bayan mako uku suka dawo, autana a keken marasa lafiya, ƙafarsa ta hagu ta karye wuri uku, an sa mata ƙarfe. Yaya ya tsaya a bakin ƙofata, hannunsa na dama a naɗe. Ya ce, "Ƙanƙara ce ta zubo da shi. Laifina ne, ni na kai shi."

Na ce, "Na gode, Alhaji."

Tun da na iya magana ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Daga ranar ya zama Alhaji.

Musulmi ba ya gaba da ɗan'uwansa fiye da kwana uku, don haka ban yi gaba da shi ba. Abin da na yi ya fi gaba. Ina gaishe shi, ina tambayar iyali, in kawo masa shayi a kofin baƙi. Shi kuwa bai fasa zuwa ba. Kowace Juma'a da hantsi zai shigo da burodin tamis mai zafi da ful, dafaffen waken nan, daga wani mai tanda a Zahir da ya san ina so, ya zauna kusa da ƙofa, ya sha shayinsa, ya ce, "To, ƙanwata, a yi mana addu'a." Na lura da yatsu uku yake riƙe kofin, biyun sun sandare ba sa lanƙwasuwa. Ban taɓa tambayarsa me ya same su ba. Bai sake komawa dutsen ba. Amma matarsa ta ce min duk ƙarshen sanyi sai ya fito da katakan ya shafe su da kaki, ya mai da su bayan sif. Sau biyu autana ya buɗe baki zai yi min maganar, na ce kada in ƙara jin sunan dutsen nan a gidana.

Haka muka ci shekara goma sha ɗaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti, na je duba shi da la'asar. Ya rame, idonsa a rufe. Ya motsa baki yana neman ruwa. Na ɗauko kofi, na tallafi kansa, ban san lokacin da ya fito min ba, na ce, "Ga shi, Yaya." Ya kurɓa. Bai buɗe ido ba, sai na ga bakinsa ya yi irin murmushin nan na ranar da ya dawo da katakai. Ya ce, "Ƙara min." Na sake kai masa kofin, ya kau da kai. Ba ruwan yake nufi ba. Ni kuwa girman kai ya dawo min, na ajiye kofin na gyara masa bargo. Bayan kwana biyu ya cika.

Washegarin da aka share makoki, da hantsi, ina zaune a ɗakina sai ga autana ya shigo da katakan a kafaɗa. Ya jingine su a bango, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafarsa.

Na ce, "Me na ce maka a kan waɗannan?"

Ya ce, "Ummi, yau ko za ki kore ni sai kin ji. Wanda ya hana ni magana ya tafi. Kin tuna farantin Kawu, ranar da ya kankaro firiza?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "To haka dutsen yake a ƙarshen sanyi. Da dare ƙanƙara ta daskare, ta kama dutse kamar siminti. Shi ya sa ake fita tun kafin asuba, a yi salla a hanya, a kai sama, a sauko da walaha tun samanta kawai ya yi laushi. In rana ta daɗe a kanta, ta jiƙe har ƙasa, ta saki dutse. A can sanyi ne ke riƙe mutum, Ummi. Rana ce ke kisa."

Sai sharaɗin da na ɗora wa Yaya ya faɗo min a rai.

Ya ce, "Kawu bai karya miki alkawari ba ko sau ɗaya. Kullum sai rana ta fito muke barin gida, don haka ƙananan gangare kawai yake kai ni, inda yaran ƙauyen amininsa ke wasa. Amininsa yana ta yi masa tsiya, yana cewa ya zo da baƙo ya mai da shi ɗan raino. Ranar ƙarshe na ce ni sai babban kwazazzabon nan na sama. Kawu ya ce, wancan sai an yi masa sammako, sammako kuwa uwarka ta hana, don haka babu shi bana, dutse ba ya ƙaura. Muka hau zuwa inda muka saba. Ya soka sanda ya ce ya isa haka, mu juya. Ya sunkuya yana ɓare fatar katakansa, ni na ci gaba. Yana kirana ina ji. Na ce a raina tsufa ne."

Ya shafa gwiwarsa.

"Ban yi nisa sosai ba ƙanƙarar ta taso. Ba ta da ƙara ma, kamar a zubar da kunu. Ta naɗe ni ta kai ni ƙasa ta danne. Kawu ya hango kan sandata. Ya cire safar hannu saboda tana hana shi jin abin da yake taɓawa, ya tona da yatsunsa har ya kai fuskata. Yatsun nan nasa da suka sandare ke nan. Shi da amininsa suka goyo ni har wurin alfadarai, wannan ya goya, wancan ya goya."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa min?"

Ya ce, "A asibitin can ya sa na yi masa alkawari ni ma. Ya ce, uwarka in haushina take ji, za ta iya barci. In haushin kanta ne, ba za ta iya ba. In kuma ta san kai ka ƙi jin magana, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ya ce bayansa ya saba da kaya tun zamanin garwa."

Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni nawa duhun ni na kashe wa kaina fitila, don ya buɗe baki zai faɗa min tun farko na rufe masa shi. Ban yi kuka ranar da ya rasu ba. Ranar nan na yi, na rungume katakan nan suna ƙamshin kaki, ina kiran sunan da ya ce in ƙara masa, har matar autana ta shigo a guje.

Da na natsu, na ɗauki mayafina. Na fara da gidan maƙwabciyar nan, na zauna na faɗa mata komai a gaban 'ya'yanta. Na bi gidajen matan da suka ji shiruna a wurin makoki ɗaya bayan ɗaya, ƙafata na ciwo ina tafiya. Waɗanda ƙafata ba ta kai gare su ba, ga shi jikata ta rubuta musu. Yayana bai nakasa ɗana ba. Yayana ya tono shi da hannunsa, sannan ya ɗauki laifin uwa da na ɗa ya goya har kabari. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce masaukinsa. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Sauran kuma ga yadda suka ƙare. Matar Yaya ta koma wurin babbar 'yarta a Jidda. Ashe ita ma bai taɓa faɗa mata ba. Da za ta tafi ta bar kayan ɗaki da yawa, amma tsohon dutsen gugar nan mai kaki yana cikin akwatinta, na gan shi da idona. Tsohuwar Zahir, babban ɗan Yaya ne ke karɓo mata magani yanzu. Maƙwabciya tana nan, ta sami wani abin faɗa. Aminin Yaya na Maroko ya tsufa, ya daina hawa, ɗansa ya gaje shi. Da ya ji rasuwar ya kira a waya, muka yi ta kuka, Larabcinsa daban nawa daban. Sandunan ƙarfen biyu, ɗaya tana wurin autana. Ɗaya ni nake dogarawa in zan je Harami. Mata suna dariya, suna tambayata a wane kanti na samo sanda mai ɗan faifai a gindi. Ina ce musu gado ce.

Katakan ba a kai su haraji ba. Da sanyi ya fara ja da baya bana, autana ya ce zai mai da su ƙauyen can na Maroko, ya ba ɗan aminin kawunsa, kuma in ƙafarsa ta yarda zai hau ko da rabi ne, ya yi masa addu'a a inda yake so. Ya zo yi min sallama, ya tsaya a bakin ƙofa daidai inda Yaya ke zama, yana jiran ya ji me zan ce. Na ɗaure masa kan jakar, na sa masa maganin fukarsa a aljihun gaba. Na riƙe hannunsa na ce, "In sun ce ka juya, ka juya. Kuma ka yi sammako, ɗana. Kada ka jira rana."